Yadda ake zanen duwatsu da daji da fentin mai a fili

Mai zanen da ya fita fili da fentin mai awa biyu gare shi, in ya taki sa'a, biyu da rabi. Rana tana gusawa digiri 15 a kowace awa, don haka inuwar da ka gani kwance a gefen dutse da ƙarfe bakwai na safe, kafin tara ta tattare ta shige ƙarƙashinsa, ciyawa ta canja launi, sama ta yi fari. Duk abin da ke tafe a nan, tun daga yankan allo har jera kala, dabarun tattalin waɗannan awanni ne.

Mu a Bauchi ba mu da uzurin rashin abin zanawa. Ga Dutsen Zaranda a hanyar Jos, ga duwatsun Mbula da suka yi wa Dass rumfa, ga ruwan madatsar Gubi da dutse a bayansa, ga yashin kogin Gongola a Dindima in ka miƙi hanyar Gombe. Amma duba hotunan da ake ratayewa a falo da ɗakunan otal: dutse mai ƙanƙara a ka, ruwa yana zubowa shuɗi shar, da itatuwan da ba su taɓa tsirowa a ƙasar nan ba. Daga kalanda da waya ake kwafo su. Launin marmara da hantsi, ko yadda hazo ke haɗiye dutse a watan Janairu, sai wanda ya je ya tsaya a gabansu.

Fita da fentin mai waje bai yawaita ba sai bayan 1841, lokacin da wani mai zane Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai matsuwa da ake ɗura fenti a ciki. Kafin nan a mafitsarar alade Turawa ke ƙulle shi, in an huda sai a yi ta fama da bushewa. Daga baya Claude Monet na Faransa ya riƙa fita gona da alluna da yawa, a 1890 da 1891, yana zana tsibin hatsi iri ɗaya, da haske ya canja sai ya ajiye wannan allo ya ɗauki wancan. Matsalar da ya yi fama da ita ita ce tamu har yau.

Wanda ke ɗar-ɗar da hukuncin zane, ya sani dutse da itace da gajimare da ruwa ba su ne ake taƙaddama a kansu ba. A ruwayar Bukhari da Muslim, Ibn Abbas ya ce wa wani mai sana'ar zane, in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. In shanu ko manomi suka gitta ta filin da kake zanawa, kana iya barin su a inda suke, allonka bai rasa komai ba.

Kayan da za ka tanada

Fentin da ake nufi shi ne na bututu wanda aka yi don masu zane, ba na galan da ake shafa wa ƙofa da taga ba. Winton na kamfanin Winsor & Newton da Marie's na ƙasar Sin duk sun isa mai koyo. Ba kowane kanti ke ajiye su ba, galibi daga Jos ko Zariya ko Legas ake sayowa, don haka in ka samu mai zuwa ka yi saƙo gaba ɗaya.

Kala shida sun wadatar. Zan kawo sunayen yadda za ka gan su rubuce a jikin bututu, don kada mai kanti ya miƙo maka wani abu dabam. Fari shi ne Titanium White, shi kam ka sayi babban bututu don ya fi kowanne saurin ƙarewa. Rawaya biyu: mai haske Cadmium Yellow, da mai launin ƙasa Yellow Ochre. Jar ƙasa Burnt Sienna. Ja mai duhu Alizarin Crimson. Shuɗi Ultramarine. Kada ka sayi baƙi, kada kuma ka sayi kore tukuna. Shuɗin nan da jar ƙasa in sun haɗu suna ba da duhu mai rai wanda ya fi baƙin bututu kyau, koren bututu kuwa shi ne ke sa daji ya fito kamar an shafa masa fentin shago.

Buroshi mai faɗin baki guda huɗu, lamba 4 da 6 da 8 da 10, da ƙarami mai tsini guda ɗaya. Ka lura, buroshin fentin mai na asali da gashin alade ake yin sa. Akwai na roba mai tauri da ke aiki daidai da shi, sai ka tambaya kafin ka biya. Sai wuƙar fenti mai lanƙwasasshiyar ƙota, da allon haɗa kala, wanda gutsuren filawud ne kawai da aka goge da man linsid, wato man da ake haɗa fentin mai da shi, har ya daina sha. Sai ƙaramar kwalbar man linsid, da tafentain, ruwan tsinka fenti, a kwalba mai murfi, da tsummoki masu yawa, da ledar zuba shara.

Abu biyu da ake yawan gwadawa don tsimi, kuma duk asara ce. Man gyaɗa ko wani man girki ba ya maye gurbin linsid, don ba ya bushewa, zanen zai zauna yana danƙo. Kananzir kuma a bar shi ga wanke buroshi in an tashi aiki, kada a tsinka fenti da shi.

Abin ɗora allo ba sai ka sayi na kanti ba. Kai wa kafinta bayani ya yi maka akwatin katako marar zurfi mai murfi da hinji, murfin ya tsaya a buɗe a jingine, da 'yan ƙusoshi biyu da za su riƙe allo a cikinsa. Cikin akwatin ya zama wurin fenti da allon haɗa kala. Kana zaune a kujera 'yar tsuguno, akwatin a cinyarka, aiki ya kankama.

Shirya allo tun a gida

Fara da ƙananan alluna, inci 8 da 10, ko 10 da 12. Babban kanbas, wato yadin zane, ba ya cika cikin awa biyu, ga iska tana kaɗa shi. Fallen filawud ko silin bod guda ɗaya mai ƙafa 4 da 8 zai ba ka ƙananan alluna masu inci 8 da 10 sama da 40, kuma yawan nan yana da amfani, don wanda ke da allo ɗaya tak tsoron ɓata shi yake yi, hannunsa ya yi ta rawa.

Goge fuskar allon da samfefa, ka kakkaɓe, ka shafa jeso, wato farin shafin da ake yi wa allo kafin zane, sau biyu ko uku, kana bari kowane shafi ya bushe. In jeso ya yi wuyar samu, ɗaliban zane sun daɗe suna haɗa farin imolshan da gam ɗin Top Bond, kuma don koyo ya isa. Shafa har baya da gefuna, in ba haka ba damina za ta lanƙwasa allon. Dalilin wannan shafi shi ne katako da yadi suna tsotse mai, fentin ya dushe, man kuma ya ci zaren yadi a hankali.

Kwana biyu kafin fita, tsinka jar ƙasa da tafentain ka shafe allon duka, ka bi da tsumma ka goge har ya koma ja-ja mai haske. Farin allo a cikin ranar Bauchi kashe ido yake, duk kalar da ka ɗora masa sai ta yi kamar ta fi duhu. Wannan jan kuma in ya leƙo ta tsakanin ciyawa da duwatsu ba ya zama aibi, tunda ƙasarmu ma haka take.

Lokaci da wuri

Ko dai daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, ko bayan sallar la'asar zuwa dab da magariba. Tsakar rana inuwa tana ƙarƙashin kowane abu, dutse ya baje ba gaba ba baya. Na yamma ya fi daɗin launi amma ya fi haɗari, domin muna kusan digiri 10 ne arewa da tsakiyar duniya, rana in ta tashi faɗuwa ba ta jan rai.

A ganina kaka ta fi kowane lokaci, Oktoba zuwa farkon Nuwamba: dawa ta nuna, ciyawa ta fara ja, sauran kore bai tafi ba, iska kuma garau. Damina tana da gajimare masu kyau, musamman washegarin ruwan sama, sai dai ka shirya gudu. Hunturu na masu haƙuri ne, zan dawo kansa. Maris da Afrilu kuwa, in ba da sassafe ba, ka zauna a gida ka shirya alluna.

Je ka ga wurin kwana ɗaya kafin, daidai lokacin da kake son yin zanen. Nemi inda rana za ta bugi dutsen daga gefe, ɓangare ɗaya haske ɗaya inuwa. In tana bayanka komai zai fito a shafe, in tana gabanka ido zai sha wahala.

Sannan ka nemi izini. Gona tana da mai ita, tsauni ma yana da mutanen da ke kallonsa a matsayin nasu. Mutum ya zo da akwati ya kafa, yana miƙa hannu yana auna dutse da fensir, abin da zai fara zuwa ran mai gona shi ne an zo yanka filaye.

"Sannu da aiki, Malam. Awon fili ake yi ne?"

"A'a Baba, ba awo ba ne. Hoton dutsen nan nake zanawa da fenti. Ga wanda na yi a wani wuri, duba."

Tsohon zane guda a cikin jaka ya fi dogon bayani. In ƙauye ne ka fara gaida mai unguwa. Ka nisanci bariki da shingen jami'an tsaro da duk ginin da ake gadi. Ka kuma tambayi mutanen wurin lafiyar dajin kafin ka yi nisa da titi, kada ka tafi kai kaɗai. A Yankari ba a yawo cikin daji sai da jami'in gandun, don haka zanenka a kewayen masauki da ruwan Wikki zai tsaya, kuma birai na nan suna jiran ka juya baya su buɗe jaka. Ƙudan tsando yana bin shuɗin tufafi da baƙi, ka kiyaye.

Kafa kaya

Allon zane da allon haɗa kala su kasance cikin inuwa ɗaya. In ka haɗa kala a rana ka shafa a inuwa, ko ka yi zanen duka a tsakar rana, za ka dawo gida ka tarar da shi ya yi duhu ƙirin. Inuwar bishiya mai ɗigon haske ma ba ta yi ba, gara gindin dutse ko lema. Lemar ta zama baƙa ko ruwan toka, ba irin ja da rawayar masu sayar da katin waya ba, don launinta zai zubo a kan allo ya ruɗe ka. Farar riga tana haska ɗanyen fenti, sa mai ruwan toka ko ruwan ƙasa. Cire baƙin tabarau, sa malafa. Duba ƙarƙashin duwatsun da za ka zauna kusa da su saboda kunama da maciji.

Matsa kalolin a gefen allon haɗawa, kullum a jeri ɗaya: fari, rawaya biyu, jar ƙasa, ja, shuɗi. Hannu zai haddace wurin kowanne. Matsa da yawa, rowar fenti tana cin lokaci.

Minti goma na fensir

Yanke taga a jikin kwali daidai siffar allonka, ka riƙe a gabanka kana leƙawa har ka sami abin da kake so. Abu ɗaya za ka zaɓa ya zama uban tafiya: ko dutsen, ko ɗorawar da ke gabansa, ko hadarin da ke taruwa a bayansa. Mai son ya kwashe Dass duka a allo ɗaya ba zai sami ko ɗaya ba.

A littafi ka yi ƙaramin zane mai inci 2 da 3, guda biyu ko uku, da fensir kawai. Ƙanƙance idanunka har ganyaye da tsaguwar dutse su ɓace, ya rage manyan fasali huɗu ko biyar. Su za ka zana, kowanne da nauyin duhunsa. Yawanci sama ce ta fi haske, sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ke karɓar haske daga bisa, sai gangaren dutse, sai itatuwa da ke tsaye su ne suka fi duhu. Wannan yana karyewa in baƙin hadari ya haɗu a gabas rana kuma tana dukan gona daga yamma, ko a kan farin yashin Dindima. Ido ne alƙali. Layin da sama ta haɗu da ƙasa kada ya raba allon biyu daidai, ɗaga shi ko ka sauke shi, gwargwadon inda labarin yake.

Wannan mataki shi ne wanda kowa ke son tsallakewa, kuma shi ne ke raba zane mai tsayuwa da marar tsayuwa. In haske da duhu sun zauna daidai, ko kalar ta ɗan kauce zanen zai yi kyau. In ba su zauna ba, babu tsadar fentin da za ta cece shi.

Kafa inuwa kafin ta gudu

Ɗauki hoto da waya don tuni, ka mayar da ita aljihu. Waya tana yi wa launi kwaskwarima, ba abin dogaro ba ce.

Haɗa shuɗi da jar ƙasa, ka tsinka da tafentain ya yi ruwa-ruwa kamar shayin da ba madara. Da buroshi lamba 4 ka ja iyakar manyan fasalin nan, ba tare da ƙawa ba. Nan take ka cike duk inda inuwa take: gefen dutsen da rana ba ta kai ba, ƙarƙashin kan itatuwa, inuwar da suka jefa a ƙasa. Cikin minti goma sha biyar na farko a gama wannan. Daga nan inuwar allonka ta zauna ke nan. Bayan awa ɗaya za ka ɗaga kai ka ga ta dutsen ta matsa, zuciya ta ce gyara. Kada ka gyara. Mai bin inuwa yana ƙarewa da zanen da rana ke fitowa ta gabas da yamma a lokaci guda.

Bayan inuwa, rufe sauran allon da manyan kaloli, daga mai duhu zuwa mai haske, da babban buroshi. Kafin awa ta farko ta cika ya zamana babu inda ba a taɓa ba. Shafin farko siriri, na biye ya fi shi kauri, na ƙarshe yadda ya fito daga bututu ko da ɗigon linsid. Dalili biyu ne. Fenti mai kauri yana hawa kan siriri ba tare da sun cakuɗe ba. Sannan in ka sa marar mai a kan mai mai da yawa, na sama zai riga na ƙasa bushewa, bayan watanni ya tsattsage.

Haɗa kala, inda aikin yake

Da wuƙa ake haɗawa, ba da buroshi ba, kuma kada kala ta wuce uku a haɗi ɗaya, ban da fari. Ware buroshi biyu na haske, biyu na duhu. In ka haɗa, ɗebo kaɗan a bakin wuƙar ka ɗaga ta saitin abin da kake kallo, ka tambayi kanka abu uku: ya fi haske ko duhu, ya fi ja ko shuɗi, ya fi kaifi ko dushewa.

Sama ba shuɗi ɗaya ba ce. Can bisa kai ta fi zurfi, tana saukowa tana yin haske, dab da ƙasa har ta ɗauki rawaya-rawaya. Fari da shuɗi a sama, kana sauka kana ƙara fari da ɗan rawayar ƙasa. Gajimare kuma ba fari fat ba ne: samansa fari mai ɗigon rawaya, cikinsa ruwan toka mai ɗan ja.

Duwatsunmu galibi masu tauri ne da santsin baya, wasu curi-curi a ɗore kan juna. Ruwan tokarsu daga shuɗi da jar ƙasa da fari yake fitowa. Inda rana ta buga ƙara rawayar ƙasa, wani lokaci har da ɗan ja. Inuwar tana karkata zuwa shuɗi ko makuba saboda sama ce ke haska ta, amma ka duba ƙasan curin dutse da kyau, za ka ga ja-ja a wurin, hasken da ya dawo daga ƙasa ne. Wannan ɗan jan shi ke sa dutse ya yi nauyi ya zauna. Kowane curi shafa uku ya ishe shi: sama mai haske, gefe mai inuwa, da duhun tsaguwar da ke ƙarƙashinsa. Baƙaƙen zanen da ruwan sama ya bari a jikin dutse ka sa biyu ko uku, masu bin lanƙwasar dutsen, su ne ke nuna ƙirarsa. In ka ce sai ka ƙirga su duka, magariba za ta same ka.

Nisa kuma da kala ake nuna shi. Duk abin da ya yi nisa yana ƙara haske, yana rasa rawaya, yana karkata zuwa shuɗi, gefunansa suna laushi. Duhu mafi ƙarfi da haske mafi kaifi na gaba ne. Inuwar tsaunin da ke can nesa ba za ta taɓa kai duhun gindin tsamiyar da ke kusa da kai ba, ko da ido ya ce maka ta kai.

A hunturu wannan doka tana ninkuwa, kuma shuɗin yana ɓacewa. Sama ta koma fari mai ruwan ƙasa: fari da yawa, rawayar ƙasa, ɗigon shuɗi, ɗigon ja. Dutsen da ke bayan gona ya zama fasali ɗaya dishi-dishi, ya ɗara sama duhu da kaɗan, na bayansa kuma da ƙyar ake rabe shi. Dabarar ita ce ka haɗa kalar sama da yawa, ka riƙa ɗiba kana zubawa a cikin kalar duk abin da ke nesa, gwargwadon nisansa. Inuwa ba ta da kaifi a irin wannan rana, haske kuma ba ya saurin canjawa, don haka hazo yana ba ka ƙarin lokaci. Abin da yake karɓa a madadin haka shi ne ƙura a kan ɗanyen fenti.

Kore yana da wuyar sha'ani. Shuɗi da rawaya mai haske suna ba da koren sabuwar ciyawa ta watan Yuni, kuma ko shi yana son ɗan jar ƙasa ya kwantar da shi. Shuɗi da rawayar ƙasa suna ba da kore mai nauyi irin na tsamiya da mangwaro. Kowace bishiya da tsayuwarta, ita za ka kama ba ganye ba. Ɗorawa tana baza kai. Giginya doguwa ce da kumburi a tsakiyar jiki. Kuka da rani tsirara take, jikinta ruwan toka mai ɗan ja. Gawo shi ne mai saɓa wa jama'a, da damina ya kaɗe, da rani ya yi ganye mai toka-toka, don haka kada ka ba shi ganye a watan Agusta. Zana kan bishiya dunƙule, inuwa a ƙasa haske a sama, sannan ka huda shi da 'yan tagogin sama. Kalar tagogin ta ɗan fi ta sama duhu, in ba haka ba za su yi kamar an manna takarda.

Jar ƙasa da hanyar burji ba su kai jan da kake zato ba. Haɗa fentin jar ƙasa da rawayar ƙasa da fari, da ɗigon shuɗi in sun yi nisa. Kuma ka yi hattara da fari, yana kashe kala ya mayar da ita kamar alli. In kana son karan dawa ko gamba su yi hasken rana, da rawaya za ka ɗaga su, farin ya zo a ƙarshe kaɗan.

In wuri ya cakuɗe ya koma laka, kada ka yi ta dama shi. Kankare da wuƙa, goge da tsumma, haɗa sabuwa ka ɗora sau ɗaya ka ɗauke hannu.

Rabin awa na ƙarshe

Tashi ka ja da baya taku biyar akai-akai, abin da ba ya ganuwa a kusa daga can yake fitowa. Yara za su taru, ba makawa. Ja musu layi a ƙasa a bayanka, ka ba babbansu aikin tsare layin, za ka sha mamakin yadda zai riƙe amana.

Yanzu ne lokacin ƙaramin buroshi da fenti mai kauri: hasken da ke kan kafaɗar dutse, reshe biyu ko uku, 'yan karare a gaba. Ƙawar ta taru a wurin da ka zaɓa tun farko, sauran a bar su a sake. Da ka ga hasken da ke gabanka ya daina kama da na allo, ajiye buroshi. In bai ƙare ba, gobe war haka ka dawo.

Tattara kaya da busarwa

Ɗanyen zane ba ya son keke mai cunkoso. Kafinta zai iya yi maka akwati mai ramuka a ciki da alluna za su zura ba tare da sun taɓa juna ba. In babu, kifa allon a kan wani mai girmansa, ka sa gutsuren katako a kusurwa huɗu tsakaninsu, ka ɗaure da roba. Ƙwaro ko tsakuwa in sun manne, bar su sai fentin ya bushe ka ɗauke da bakin wuƙa.

Kada ka zubar da tafentain a gona ko rafi. Bar shi a kwalba dattin ya kwanta, ka tsiyaye na sama ka sake amfani da shi. Goge buroshi da tsumma, ka wanke da sabulu a tafin hannu har kumfa ta fito fara, ka gyara bakinsa ya bushe a kwance. Tsumman da ya sha linsid in aka dunƙule shi a leda yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, don haka a shanya shi a buɗe ko a jiƙa da ruwa. Fentin da ya manne a hannu yana hana ruwan alwala isa fata, ga shi wasu kalolin guba ne in sun shiga ciki. A nan man gyaɗa ke da amfani: murza shi a hannu, goge da tsumma, bi da sabulu, kafin salla da kafin cin abinci.

Fentin mai ba ƙafewa yake ba, iska yake sha ya daskare, shi ya sa yake ɗaukar kwana uku zuwa mako biyu kafin ya taɓu. Jar ƙasa tana saurin bushewa, fari da ja mai duhu da rawaya mai haske suna jan lokaci. Jingina allon a ɗaki mai iska da haske, fuskarsa ta kalli bango ba tare da ta taɓa ba, don ƙura ta sauka a baya. Kada ka shanya a rana, kada kuma ka kulle a akwati, duhu yana sa fari ya yi rawaya.

A bayan allon rubuta wuri da kwanan wata da ƙarfe nawa da yanayin sama. John Constable na Ingila haka ya riƙa yi wa zanen gajimaren da ya yi a 1821 da 1822. Ranar da wani ya nemi ka yi masa babban zanen Zaranda na falo, waɗannan ƙananan alluna za ka jera a gabanka ka ɗauki kala daga gare su.

Banish na ƙarshe, wato shafin da ke kare fuskar zane, sai bayan wata shida, in fentin ya yi kauri har shekara. In mai saye ya matsa kafin nan, akwai banish mai sauƙi da ake rubuta wa Retouch a jikin kwalba, ana shafa shi siriri da zarar zanen ya bushe a taɓi, sai ka gaya masa ya dawo da shi bayan wata shida a yi masa na dindindin.